Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Likitoci, Ma'aikatan Jinya da Shugabannin Asibitocinmu a Kan Maganin Raɗaɗin Masu Sikila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya fama da jama'a? Allah Ya saka muku da alheri bisa kwanan zaunen da kuke yi saboda mu.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, shekaruna 38, kuma da amosanin jini aka haife ni, wato sikila. Mu tara iyayenmu suka haifa, uku muka fito da ita, ni kaɗai na rage a cikin ukun. Na ɗauki biro yanzu ne saboda iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma duk mai irin jinina ya san abin da take ɗauke da shi. Kafin mu sake haɗuwa da tsakar dare, ni a dunƙule a kan benci, ku kuma a gajiye, gara mu yi maganar nan tun ina iya zama in jera ta dalla-dalla.

Bara warhaka, wajen ƙarfe ɗaya na dare, ciwon ya tashi a gadon bayana da ƙafafuna biyu. Ƙanena ya taso wani maƙwabcinmu mai adaidaita sahu. Duk ramin da taya ta faɗa sai in ji kamar an buga min guduma a cikin ɓargo. Da muka isa ɗakin agajin gaggawa na wani babban asibiti, na yi abin da nake ganin zai sauƙaƙa wa kowa aiki: na faɗi cutata, na faɗi maganin da na riga na sha a gida da lokacin da na sha shi, na faɗi sunan wanda yake kwantar min da ciwo in ya kai wannan matsayi. Sistar da ke kan tebur ta ajiye bironta, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, kai ne likitan ko mu?"

Ta juya wajen abokiyar aikinta, ta rage murya, amma na ji: "Irinsu ne."

Aka zo da allurar daiklofenak. Na ce don Allah kada a yi min, an hana ni saboda ƙodata. Wannan ma sai ya zama ƙarin shaida a kaina, wai na ƙi ƙarami ina neman babba. Aka rataya min ƙarin ruwa, aka ce in yi haƙuri, ai ni namiji ne. Likitan da ke aiki a daren yaro ne matashi, shi kaɗai da ɗaki cike da mutane, ga masu haɗarin mota an shigo da su jina-jina. Da ya samu kansa ya duba ni, ya rubuta mofin, babban maganin kashe raɗaɗi, ba tare da gardama ba. Sai aka ce makullin kabad ɗin da ake kulle maganin a ciki yana hannun wani, wanin kuma ba a san inda ya shiga ba. Ana kiran assalatu aka yi min allurar. Awa huɗu da wani abu ke nan.

Ban riƙe sistar nan a zuciya ba, kuma ba zan faɗi sunan asibitin ba, domin da a can kaɗai abin yake da ban rubuto wa kowa da kowa ba. Na san abin da ta gani kafin ni. Ni ma malami ne, na ga yaron da yake na ɗaya a ajina ya koma barci a kan tebur, yawu na zuba, da kwalbar lemo mai ruwan kodin a jakarsa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga cikinsu da irin magungunan nan na kashe raɗaɗi, tiramadol da kodin da danginsu. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton binciken BBC da ya girgiza ƙasa. Na goyi bayan haka, har gobe ina goyon baya.

Sai dai a duba a gani. Tiramadol ɗin da ya lalata mana matasa mai lamba 225 ne da makamantansa, wanda ake shigowa da shi cikin kwantena ta ɓarauniyar hanya, alhali abin da hukumar NAFDAC ta amince da shi bai wuce mai 50 da mai 100 ba. Yaron da ke neman maye ba ya zuwa ya yanki kati ya kwana a kan benci. Ya san lungun da zai je, da kuɗinsa, cikin minti biyar ya samu. Wanda ya zo gabanku ya bi layi, ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, shi ne ya zaɓi hanyar gaskiya, kuma shi ake tsarewa da ido. An bar jaki ana dukan taiki.

Ku ba ni dama in gaya muku yadda na yi shekara kusan talatin ina laluben maganin da ya dace da ni, domin a cikin labarin akwai laifina, akwai na unguwa, akwai naku.

Ina yaro, kakata ce likitata. An yi min tsaga a gwiwa da ƙugu, na sha sassaƙe da saiwoyi kala-kala, na sha rubutu, an gasa min jiki da tsumma da ruwan zafi. Gashin nan, in faɗi gaskiya, ya fi sauran amfani, har yau ina yi. Da na girma sai na koma hannun mai kyamis na bakin layinmu, mutumin kirki mai ba da bashi. In na ce masa jiki ba daɗi sai ya yi min haɗi a 'yar takarda: fara, ja, ruwan ɗorawa, wata rabi. Ban taɓa tambayar sunansu ba. Daga baya na gane yawanci daiklofenak ne da aibufurofin da wani ɗan uwansu a dunƙule guda, wato magani iri ɗaya sau uku, a kan cikin da ba komai a ciki. Shekara da shekaru ina haka. Gyambon ciki ya fara zuwa. Sannan wata rana gwajin fitsari da na jini suka nuna ƙoda ta fara gajiya. Ita sikila da ma tana cin ƙoda a hankali, ni kuma na yi ta ƙara mata itace. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce wannan dangin magani na 'yan kwanaki ne, ba na kullum ba. Hatta farasitamol da muke ɗauka kamar alewa, ban san cewa babban mutum ba ya wuce ƙwaya takwas masu lamba 500 a yini ba, in ya wuce hanta ce za ta biya, sai da na kusa shekara talatin.

Sai zamanin fentazosin, allurar da kusan kowane mai sikila a ƙasar nan ya san ta, wasu da sunan Fortwin. A asibiti aka fara yi min ita, domin ita ce a kusa, ita ce mai araha. Tana aiki, amma ba ta jimawa, sai a sake. Da na ga wahalar zuwa asibiti da kallon da ake yi min, sai na sami wani ma'aikacin lafiya a unguwa yana zuwa gida yana yi min. Daga nan na koyi yi wa kaina. Ba zan ɓoye muku ba, akwai shekara biyu da na yi ina yin allurar nan ko ciwon bai kai ya kawo ba, saboda tsoron kada ya kawo, daga baya kuma saboda in ban yi ba jikina rawa yake, ga gumi, ga hamma, ga ƙunci. Yau in kuka taɓa cinyata ta dama za ku ji ta kamar katako. Akwai tabon gyambo biyu da suka yi wata bakwai ba su rufe ba. Matata ce ta tsaya a kaina, ita da wani likita da ya riƙa rage min a hankali har na rabu da ita.

Na faɗi wannan ne don kada a ce mai wasiƙar nan bai san haɗarin abin da yake roƙo ba. Na san shi a naman jikina. Kuma na san ta ƙofar da na shiga: ciwon da ba a kashe shi yadda ya kamata ba, da wulaƙancin da ya sa na gwammace in yi jinyar kaina a ɗaka. Da kun riƙe ni da kyau a lokacin, da mai allurar unguwa bai same ni ba.

Tiramadol kuwa sau biyu na gwada shi bisa rubutun likita. Amai ya sa ni da jiri, a karo na biyu hannuna ya riƙa fizga. Aka ce in daina, domin yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wani abokina mai irin ciwona shi kuma ya karɓe shi lafiya lau. Tun daga nan na fahimci cewa jiki da jiki ba ɗaya ba ne, maganin wani gubar wani.

Sauyin da na samu a rayuwata ya zo ne ta hannun wata likitar jini, Allah Ya yi mata albarka duk inda take. Ranar farko ta yi kusan minti arba'in da ni, ba ta rubuta komai ba sai tambaya. Ta ce, "Malam, kwatanta min ciwon." Na ce ai ciwo ciwo ne, likita. Ta ce a'a, a ina yake, yaushe yake zuwa, sara yake yi ko zogi ko ƙuna, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi? Muna cikin haka sai ga shi ashe ciwo uku nake ɗauke da su, ina yi musu kuɗin goro.

Na farko shi ne wanda kuka sani, mai tasowa farat ɗaya in ƙwayoyin jini suka lanƙwashe suka toshe ƙananan jijiyoyi, musamman in an sha sanyi, ko ruwan jiki ya yi ƙasa, ko zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum. Na biyu yana kwatangwalona na hagu kullum, yana ƙaruwa in na daɗe tsaye a gaban allo ko na hau mataki. Hoton ƙashi ya nuna kan ƙashin cinyar ya fara mutuwa saboda jini ba ya isa gare shi. Na uku ƙuna ce a tafin ƙafa da ƙwauri, kamar an zuba barkono a ƙarƙashin fata, wani lokaci kamar jan lantarki, ta fi tsanani da dare. Wannan ta ce daga jijiyoyin ji yake, kuma duk allurar da na yi ta narka wa kaina ba ta cika taɓa irinsa ba.

Kowanne ta yi masa hanyarsa. Na ƙunar ta ba ni amitiriftilin kaɗan da dare, ta kuma gaya min tun kafin in sha cewa bakina zai riƙa bushewa, zan ji nauyin tashi da asuba, kuma kada in yanke hukunci sai an yi makonni. Da ba ta faɗa ba da a kwana na uku na watsar da shi, domin sai da na makara sallar asuba sau biyu. Muka matso da lokacin shan zuwa bayan magariba, abin ya daidaita. A mako na huɗu na yi barcin da na manta akwai irinsa. Na kwatangwalo ta tura ni wajen masu gashin ƙashi, ta sa na riƙe sanda, abin da girman kai ya daɗe yana hana ni, ta ce in nemi kujera mai tsawo in riƙa koyarwa a zaune, ta kuma faɗa min gaskiya cewa wata rana sai an yi aiki an sauya ƙashin. Na farkon kuma ta ce a tare shi tun daga tushe, ta ɗora ni a kan haidroksiyuriya, tare da gwajin jini a kai a kai, da gargaɗin cewa in muna shirin haihuwa mu zo mu yi shawara tukuna.

Wannan magani ba sabo ba ne. Tun 1995 babban gwaji a Amurka ya nuna yana rage tashin ciwon da kusan rabi ga manya, aka amince da shi a can a 1998. A nan gida ma, binciken da aka yi da yaranmu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin Arewa, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna ko ƙaramin ma'auninsa yana taimakawa wajen kare yaran da ke cikin haɗari daga shanyewar ɓarin jiki. Ni sai da na haura shekara talatin aka fara ambata min sunansa. Daga kwanciya biyar ko shida a shekara na dawo ɗaya, wata shekarar biyu.

Ta kuma sa na sayi littafin rubutu mai fallaye arba'in, irin na ɗalibaina. Kullum in rubuta kwanan wata, inda ke ciwo, ƙarfinsa daga sifili zuwa goma, abin da na sha, da yadda na ji bayan awa ɗaya. Yanzu ina kan na bakwai. A bangon na farko ta rubuta da hannunta abin da za a yi min in na zo cikin gaggawa, da abin da ba za a ba ni ba, ta sa hannu da hatimi.

Shekara uku muka yi, sai ta sami aiki a ƙasar waje ta tafi. Ban ga laifinta ba, na san albashinku da yanayin aikinku. Amma tun tafiyarta duk zuwan da na yi sabuwar fuska nake tararwa, fayil ɗina ya ɓace sau biyu, kowa sai in faro masa daga kakata. A daren da na ba ku labari littafin nan yana hannun ƙanena, ya miƙa, ba wanda ya buɗe.

Abin da na fi roƙo ke nan, kuma ba ya cin ko sisi. Duk mai ciwon da ba ya warkewa, mai sikila ne, mai kansa ne, mai ciwon sukarin da ya taɓa jijiya ne, ko tsohuwa mai sanyin ƙashi, a rubuta masa tsarinsa, kwafi ɗaya a fayil, ɗaya a hannunsa, kuma ma'aikacin dare ya ɗauki takardar nan da daraja. Hakan ku ma kariya ce gare ku. Mai ƙarya ba shi da irin wannan takarda, kuma wanda yake yawo asibiti-asibiti yana karɓa nan da can, rubutu ne zai tona shi, kallon fuska ba zai tona shi ba. Ku daina auna ciwonmu da fuska. Wanda ya shekara talatin yana ciwo ya koyi yin shiru, yana iya danna waya ko ya amsa gaisuwa alhali ƙashinsa na ci da wuta. In ya yi ihu a ce yana wasan kwaikwayo, in ya yi shiru a ce ai da sauƙi. To yaya ake so mu yi?

A Ingila ƙa'idar da suka fitar a 2012 ta ce mai sikila da ya zo da ciwo a ba shi maganin raɗaɗi cikin minti 30 da isowarsa. Su da suke da mu 'yan dubbai ke nan. Mu da ake haifa mana jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta, ai mu ya kamata a zo koyo wajenmu. Ban ce lallai minti 30 ba, na san yawanku da yawanmu. Ku yanke awa ɗaya, ku rubuta a bango, ku riƙa duba ko ana cikawa.

Shugabannin asibitoci, maganar kabad taku ce. Mofin yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya tun jerin farko na 1977, kuma a 1986 hukumar ta fitar da matakan nan uku na kashe raɗaɗin masu kansa, daga ƙaramin magani zuwa matsakaici zuwa babba, waɗanda kowane ɗalibin likitanci ya haddace. Duk da haka kwamitin masana na mujallar Lancet ya gano a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci kashi 1 cikin 100 kawai suke samu na irin wannan magani, kuma abin da ke isa ga majinyatan Najeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarsu ba. Ƙasar da tiramadol ya cika kasuwa har ya yi ambaliya, ita ce kuma mai kansar mama take mutuwa tana cizon filo. Mofin ba shi da tsada. Gari ne ake damawa da ruwa, kuma wasu asibitocin koyarwa na ƙasar nan suna haɗa shi. Yuganda ba ta fi mu kuɗi ba. Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a nan Najeriya, ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali a Kamfala a 1993, ta fara da ruwan mofin mai araha, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta shi, saboda likitoci ba sa isa ƙauye. Mu ma ba sa isa. Ni ina birni ina wannan kuka, ina ga yarinyar da ke tafiyar awa uku a kan babur daga asibitin da ke da kabad ɗin?

Ku kulle shi, ku ƙirga shi, kowane ɗigo a shigar a rajista, ba mu ƙi ba. Amma makullin ya kwana a hannun wanda yake wurin. Kuma in kun ba mu, ku gaya mana yana sa taurin bayan gida da gyangyaɗi, ku haɗa mana da abin da zai sassauta ciki, ku faɗa mana yadda za mu ajiye shi nesa da yara da kuma ranar da za mu daina.

Waɗanda kuma suka riga suka faɗa ramin da na faɗa, don Allah kada ku kore su. Jiki ya saba da magani daban, jaraba daban, kun fi ni sanin wannan, kuma ko jarabar ce ai ita ma cuta ce mai magani. Mai sikilar da ya kamu da fentazosin yana da ciwo biyu ne, kuma na farkon bai tafi ko'ina ba. In kuka kore shi, mai allurar unguwa yana nan yana jira, da sirinjin da Allah kaɗai Ya san sau nawa aka yi aiki da shi.

Na ji daɗin dokar gwajin jini kafin aure da Jihar Kano ta sa wa hannu a 2024, ina kuma wa'azinta ga ɗalibaina 'yan aji shida duk shekara. Sai dai dokar ta waɗanda ba a haifa ba ce. Mu an riga an haife mu, mun yi karatu, mun yi aure, muna biyan haraji. Masu zuwa dubiya suna yawan tuna mana cewa ciwo kankarar zunubi ne, kuma mun yi imani da haka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. Haƙurin muna yi, tun muna cikin zanin goyo muke yi. Maganin ne yake hannunku.

Ranar Talata mai zuwa nake da ganin likita. Zan fito tun bayan asuba in kama layi, da sandata da rigar sanyi biyu, da littafi na bakwai a cikin leda. Ban san wanda zan tarar a kan kujerar ba. Ko wane ne, ina roƙonsa ya buɗe shafin farko.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta mai ɗauke da sikila